Dokin Kabi da Rumbun Dawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ran hawan salla, ko a Argungu ko a Birnin Kebbi, ya ga dawaki iri biyu. Akwai wanda zai yi sukuwa uku, ya zo gaban Sarki ya yi zamiya, sa'an nan ya koma yana taku yana wasa da linzami, sai ka ce yanzu aka kwance shi daga turke. Akwai kuma wanda tun sukuwar fari zai jiƙe sharkaf, ya sunkuyar da kai, in an sauke sirdi da maraice sai a ga haƙarƙarinsa a fili, ana iya ƙirgawa. Mutane sukan ce ai bambancin na asali ne, wannan ɗan ingarma ne, wancan kuwa ƙuru. Gaskiya ne asali yana da nasa rabo. Amma mafi yawan bambancin a bakin komi yake, watau wurin abin da aka zuba wa dokin, da lokacin da aka fara zuba masa.

Mutanen da sun san wannan sarai, gama su ba don ado suke ajiye doki ba. Ransu da garinsu a bayansa suke. Nufina a nan in ba da labarin yadda Kabawa da mutanen Gwandu suka riƙe dawakinsu da ƙarfi cikin yaƙin da suka yi fiye da shekara hamsin suna yi, in kuma nuna abin da mai doki na yau zai amfana da shi daga ciki.

Ƙasar da dokin ya tashi

Kanta, wanda ya kafa mulkin Kabi, mayaƙi ne da ya bi Askiya Muhammadu na Songai yaƙin Agadas. Da suka saɓa a kan rabon ganima, wajen shekarar 1516, sai ya ɓalle, ya tsaya da ƙafarsa, ya gina birninsa a Surame. Har yau kufan ganuwar Surame yana nan. Daga baya, wajen farkon ƙarni na 18, sarakunan Kabi suka mai da mazauninsu Birnin Kebbi, bisa tudu, suna hangen fadama.

Wannan fadama ita ce arzikin ƙasar. Gulbin Kabi, wanda ruwan Rima da na Sakkwato ke haɗuwa su zubo cikinsa, yakan cika da damina ya malale ko'ina. In ruwa ya janye da kaka sai ya bar shinkafa da kifi da ɗanyar ciyawa, wadda mu a nan yamma muke kira haki. Lokacin da ƙasashen tudu suka bushe ƙurmus, dabba ba ta samun kome sai kara, a fadamar Kabi akwai sauran tsanwa. A tudu kuma ga gero da dawa da wake. Yamma da nan akwai kwarin Foga inda ake dafa gishiri, gaba kaɗan kuma akwai inda ake samun kanwa a ƙasar Zabarma. Arewa da Azbin kuwa ƙasashen kiwon dawaki ne. Ashe ke nan duk abin da doki ke bukata Allah Ya tara shi kusa da juna.

Amma fadama tana da nata sharri. Da damina sauro da ƙananan ƙwari masu cizo sukan yi yawa, suna kawo wa doki cuta. In an gangara kudu wajen Yawuri da Bargu kuma akwai tsando, mai kawo sammore, wanda ke rame doki har ya kashe shi. Don haka dokin yaƙi ba a sake shi cikin fadama ya yi kiwo. A turke yake cikin gida, a yi masa hayaƙi da dare don korar ƙwari, a yanko masa haki a kawo. Goɗiyoyi ne ake bari a ƙauye suna kiwo suna haihuwa.

Kada mai karatu ya zaci doki kaɗai ke cin yaƙi. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, dawakin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba su wuce kamar 20 ba, Gobirawa kuwa ga su da dawaki har da 'yan lifidi, duk da haka 'yan baka suka kore su. Amma bayan nasarar yunwa ta matsa wa jama'a ƙwarai. Cikin watan Afrilu na 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. A shekarar nan Shehu ya koma Gwandu da zama, kusa da ƙasa mai abinci da makiyaya. Tun daga nan masu jihadi suka shiga tara dawaki, har doki ya zama ƙashin bayan rundunarsu kamar yadda yake ga sarakunan da suka gabace su.

Yaƙin shekara hamsin

Kabawa ba su sallama ba. Bayan an kashe Hodi, ƙanensa Karari ya zauna Argungu wajen 1827. Cikin 1831 rundunar Sakkwato da ta Gwandu suka kewaye garin suka ci, Karari ya rasa ransa, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Ya daɗe can a tsare. Cikin 1849 Nabame ya komo, ya ta da tutar Kabi a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka goya masa baya. Daga wannan shekara har zuwan Turawa ba wanda ya sake cin Argungu.

Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi kimanin kilomita 50 ne, tafiyar yini guda ga mai doki. Ambursa tana tsakani, tana tsaron ƙasar Gwandu. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Gwandu da Birnin Kebbi cikin watan Yuni na 1853. Ya tarar tsohon birnin ya zama kufai, hanyoyi kuma ba aminci saboda tawayen Kabawa. Yaƙin ya ci manya ta kowane gefe. Nabame ya mutu a fagen fama cikin 1854, Yusufu Mainasara da ya gaje shi aka kashe shi cikin 1859, Sarkin Gwandu Haliru kuma Kabawa suka kashe shi cikin 1860.

To, wane irin aiki doki ke yi a irin wannan yaƙi? Mafi yawansa hari ne. A fita da dare, a yi tafiya mai nisa, a fāɗa wa gari da asuba, a koro shanu, sa'an nan a juyo da gudu kafin masu biyan sawu su tarar. Dokin da ya gaji a hanyar komowa ya ba da ubangidansa. Akwai kuma babban yaƙi, inda ake sa wa zaɓaɓɓun dawaki lifidi, watau rigar auduga mai kauri wadda kibiya ba ta hudawa da sauƙi, mahayin kuma ga nasa lifidi ko sulke, ga kwalkwali, ga garkuwa da takobi da mashi. Wani Bature, Clapperton, ya ga 'yan lifidin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin Konya cikin 1826, ya ba da labarin nauyin kayan nan, har mahayi ba ya iya hawa sai an taimake shi.

Masana dabbobi na zamanin nan sun ce nauyin da ya dace doki ya ɗauka shi ne kamar kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa. Dokinmu na ƙasa mai nauyin kilo 300, kilo 60 ke nan. Mahayi shi kaɗai ya cinye wannan, tun ba a sa sirdi da likkafa da lifidi ba. Sai ka duba kuma cikin rani ake yaƙi, ga rana ga ƙura, ga rigar auduga ta rufe dabba tana ta zufa. Dokin da aka sa wannan aiki bisa abincin da yake ci yana hutawa, naman jikinsa zai riƙa ci. Da fari kitse ya tafi, sa'an nan naman gadon baya da na cinya. In baya ya rame sirdi ya sami ƙashi ya goge, miki ya fito, shi ke nan doki ya fita daga yaƙin bana.

Yadda ake shirya shi

A fadojin ƙasar Hausa akwai Shamaki, wanda barga ke hannunsa, a ƙarƙashinsa kuma ga masu kula da dawaki da yara masu yankan ciyawa. Kowane babban bafade da barden kirki yana da nasa. Aikin mutanen nan yana bin shekara ne kamar aikin gona.

Da damina yaƙi yakan lafa, gama fadama ta cika, mutane kuma suna gona. A wannan lokaci doki yana samun ɗanyen haki iyakar cikinsa, irin su harkiya da ƙiri-ƙiri da guɗe-guɗe. Yakan yi sheƙi, ya yi tumbi. Wanda bai sani ba sai ya ce ya shirya. Amma ƙibar damina ruwa ce, gama ɗanyar ciyawa mafi yawanta ruwa ne. Dokin da aka ɗauko daga ita aka kai shi hari, kwana uku ya ishe shi ya zube.

Da kaka ake aikin gaske. Ana yanke kyasuwa da sauran ciyawa tun da sauran tsanwa a shanya, a yi ingirici. Ana tuge harawar wake da ta gyaɗa a naɗe, a ɗora bisa rufin ɗaki ko bisa itace inda akuya da gara ba su kaiwa. Dawa da gero su shiga rumbu. A nan ne ake fara fita da doki kilisa safe da maraice, yau kusa, gobe a ƙara nisa, daga tafiya zuwa sassarfa, daga sassarfa zuwa sukuwa. Yadda ake ƙara masa aiki kaɗan kaɗan, haka ake ƙara masa tsaba kaɗan kaɗan. Tumbin damina ya tafi, nama mai tauri ya maye gurbinsa. Kafin sanyin hunturu ya kama sosai, fadama ta bushe ta ba da hanya, doki ya kai yadda ake so. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowane abu cikin abincin nan da aikinsa. Dawa da gero su ne ƙarfi, su ke mai da abin da gudu ya ƙone. Harawa ita ke gina nama, gama wake da gyaɗa sun fi ciyawa sinadarin gina jiki, suna kuma da abin da ke ƙarfafa ƙashi. Ingirici shi ke cika ciki ya sa hanji ya yi ta aiki. Dusa da ƙasari suna sanyaya ciki, suna sa doki shan ruwa. Kanwa da gishiri kuwa su ke mai da abin da ya fita cikin zufa. Zufar doki tana da gishiri ƙwarai, shi ya sa in ta bushe kake ganin fari-fari a wuyansa da ƙarƙashin sirdi. Dokin da ya rasa gishiri yakan rage ci da sha, in ya rage ci kuwa rama ta zo. Ka ga ashe riƙe hanyar Foga ba don miya kaɗai ba ne.

Akwai kuma abubuwan da masu barga ke gudu. Ba su ba doki sabuwar dawa da ba ta gama bushewa ba, don tana kumbura ciki. Ba su barinsa ya ci gyauron dawa, watau tohon da ke fitowa bayan an yi girbi, don yana da dafi mai kashe dabba. Ba su zuba wa doki tsaba yana haki daga gudu, sai ya huce, ya sha ruwa, ya taɓa ciyawa tukuna. Sukan jiƙa dawa ko su ɓarza ta, musamman ga tsohon doki, gama ƙwayar dawa ƙarama ce mai tauri. In ka ga kaji suna rububin tonon kashin dokinka, to, kajin kake kiwo da dawarka.

Lissafin rumbu

Bari mu yi lissafi irin na ofis, don a ga nauyin abin. Masana sun ce doki yana bukatar busasshen abinci kamar kilo 2 zuwa 2 da rabi a kan kowane kilo 100 na jikinsa kullum. Doki mai kilo 300 zai ci kilo 6 zuwa 7 da rabi ke nan. In yana hutawa, ciyawa mai kyau da harawa sun kusa isarsa. In yana aiki mai tsanani kuwa bukatarsa ta ƙarfi takan ƙaru da rabi, wani lokaci har ta kusa ninkawa, cikinsa kuwa bai ƙara girma ba. Dole ke nan a sauya wani kashi na ciyawar da tsaba, wadda ƙarfinta ya fi yawa cikin ɗan ƙaramin awo. Mu ce kilo 3 na dawa kullum.

Mutum guda yana rayuwa bisa kamar rabin kilo na tsaba a yini. Ashe dokin yaƙi guda yana cin rabon mutum 6. In an ba shi haka shekara guda cur, buhu 11 ke nan masu kilo ɗari ɗari. Wannan ya sa talaka bai iya ajiye dokin yaƙi, sai sarki da hakimi da attajiri, su kuwa daga zakka da gandu da guminsa talakan nan da bayi suke cika rumbunan. In ana yabon barde, ya kamata a tuna da wanda ya noma dawar da wanda ya yanko hakin.

Yanzu mu ɗauka runduna ta fita da doki 1,000. Kullum suna bukatar kilo 3,000, watau buhu 30. In jaki yana ɗaukar kilo 60, jaki 50 ke nan za su sauke kayansu kowace rana don dawaki kaɗai, ban da abincin mutane, ban da na jakunan. Ruwa kuma kowane doki garwa biyu ko uku, da bazara har ya fi. Runduna ba ta iya ɗaukar wannan duka daga gida. Sai ta ci abin da ta tarar a ƙasar da ta shiga, in ya ƙare ta tashi.

Wannan lissafi yana taimakon mutum ya gane abubuwa biyu cikin tarihin nan. Na fari, dalilin da ya sa mahara ke ƙone rumbuna da amfanin gona. Wanda ya ƙone dawar abokin gaba ya rame masa doki tun ba a haɗu ba. Na biyu, wahalar da ke kan mai kewaye gari. Wanda ya zo daga nesa, kowace rana guzurinsa raguwa yake, dawakinsa suna zubewa. Wanda ke cikin ganuwa kuwa dokinsa yana turke, rumbu a bayansa, gulbi a gabansa. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ake kira Sama, ya hau cikin 1883, ana kuma cewa ya ci garuruwa 90. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya hau cikin 1891, ya kawo wa Argungu babban yaƙi a farkon sarautarsa, aka kore shi. Jaruntakar Kabawa da ganuwarsu da taimakon Arawa da Zabarmawa su ne a gaba wajen wannan nasara. Amma barde ba ya nuna jarunta bisa ramammen doki.

Hatsarin hutu

Zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wajen 1867, aka yi sulhu tsakanin Kabi da Gwandu da Sakkwato, wanda aka sani da Lafiyar Toga. Ya yi kimanin shekara 8 kafin yaƙi ya sake tashi. Mutane sun huta, fatake sun bi hanya. Amma ga mai barga lokacin hutu yana da tasa jarrabawa, gama kamar yadda ƙarancin tsaba ke ɓata doki mai aiki, haka yawanta ke ɓata doki mai hutu.

Likitocin dabbobi sun bayyana dalili. Tumbin doki ƙarami ne, bai kai cin garwa guda ba. Doki ba ya tuƙa kamar saniya, ba ya kuma iya amai. An halicce shi ne ya yi ta tsinkar ciyawa kaɗan kaɗan, fiye da rabin yini da dare. In aka tula masa tsaba mai yawa gaba ɗaya, sai ta wuce tumbi ba ta narke ba, ta je babban hanji ta yi tsami. Daga nan ciwon ciki ke tasowa, ka ga doki yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima. Daga nan kuma wani ciwo ke sauka kofato, ya yi zafi, doki ya kasa taka ƙasa, wani ma ba ya sake moruwa. Akwai kuma wata cuta da Turawa suka sani tun zamanin da dawaki ke jan kaya a biranensu. Doki ya huta ran Lahadi ana ba shi cikakken awonsa, ran Litinin a fita da shi, sai cinyoyinsa su sandare, fitsarinsa ya yi baƙi-baƙi. Maganin abin shi ne ranar da doki bai yi aiki ba a rage tsaba, a ƙara ciyawa.

Ka ga ke nan dokar guda ce ta kowane gefe. Awo yana bin aiki. Aiki ya hau, awo ya hau. Aiki ya sauka, awo ya sauka. Hawa da saukan kuma duk a hankali.

Bayan an ajiye mashi

Cikin 1902 sojan Ingila suka zauna Argungu, cikin Maris na 1903 suka ci Sakkwato, yaƙin Kabi da Gwandu ya ƙare. A farkon zamanin Turawa Sarkin Gwandu ya komo Birnin Kebbi da zama. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa babban su don girmamawa, wannan kuwa shi ne mafarin bikin kamun kifin da ya sa duniya ta san garin. Makaman da aka yi yaƙin da su wasu suna ajiye a gidan tarihi na Kanta a Argungu. Cikin 1991 aka yi Jihar Kebbi, Gwandu da Argungu duk suna cikinta, Birnin Kebbi ce hedkwata.

Doki bai rasa aiki nan da nan ba. Zamanin En'e hakimai da malaman haraji da dogarai bisa doki suke rangadi, har mota da babur suka karɓe. Aka kuma yi manyan hawan daba, kamar wanda aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna cikin 1956. Yau abin da ya rage wa doki shi ne hawan salla da daba da sukuwa da angwanci. Aikin ya ragu, amma wani abu ya lalace. Dā doki yana da wata biyu ko uku na shiri. Yanzu sau da yawa sai a bar shi wata goma a turke bisa ƙaiƙayi da busasshen kara, in salla ta rage mako guda a tula masa dawa, a ba yara su yi ta gudu da shi bisa kwalta. Daga cikin irin waɗannan ne ake samun wanda ke faɗuwa ran hawa, ko ya kwana yana birgima. Mai shi ya ce sammu ne ko baki. Ba sammu ba ne, ganganci ne.

Saboda haka ga abin da ya kamata mai doki ya riƙe, wanda dabarar mutanen da da binciken likitoci suka haɗu a kai.

Ka fara shiri aƙalla wata biyu kafin hawa. In za ka ƙara tsaba ko ka sauya iri, ka yi shi cikin kwana 7 zuwa 14, kowace rana ɗan ƙari. Ka raba awon yini kashi uku ko huɗu, kada ka zuba shi gaba ɗaya. Kome yawan aiki, kada ciyawa da harawa su kasa rabin abin da yake ci. In doki yana ramewa, fara ƙara harawa kafin ka ƙara dawa. Dusar shinkafa, wadda Allah Ya hore mana a ƙasar nan, tana da maiƙo mai sa ƙiba, amma a ba da sabuwa, a kuma haɗa da harawa, gama dusa zalla in ta yi yawa tana raunana ƙashi. Kada a ba shi abin da ya yi fumfuna. Ruwa mai tsabta kada ya yanke, gishiri da 'yar kanwa kuma daidai wa daida.

Ka riƙa shafa haƙarƙarinsa da tafin hannunka. Daidai shi ne hannu ya ji su, ido bai gan su ba. Ka sami igiya ka kewaya ƙirjinsa inda majayi ke zama, ka ƙulla alama, kowace Juma'a ka sake gwadawa. Igiya za ta gaya maka ya fara zubewa tun idonka bai gani ba. In kuwa yana ci sosai amma ba ya ƙiba, kada ka yi ta ƙara awo. Kai shi asibitin dabbobi a duba haƙoransa, a ba shi maganin tsutsar ciki, a auna jininsa ko sammore ne.

In ka yi lissafi ka ga rumbunka ba zai ɗauki wannan ba, to, babu kunya ka rage masa aiki, ko ka sayar wa wanda zai iya. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Dabbar da ka ɗaure ba ta da bakin roƙo, ba ta da ikon zuwa nema, haƙƙinta yana wuyanka, za a kuwa tambaye ka. Kakanninmu na Argungu da na Gwandu sun saɓa a kan abubuwa da yawa har suka zub da jinin juna, amma ba wanda ya yi musun cewa sai doki ya ci kafin a ɗaura masa sirdi. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, Ya dawwamar mana da lafiyar da muka samu, Ya ba mu ikon riƙon amanar abin da muke kiwo. Amin.